Zomon Hajiya Rabi

Hajiya Rabi ta fara kitso a Jidda tun tana budurwa. A tsohuwar unguwarsu ta kudancin gari, da wuya a kai amaryar Hausawa ɗakin miji ba ta zauna a gabanta ba. Da aka rushe unguwar, 'yarta Madina ta samo musu ɗaki biyu a hawa na uku a Sharafiyya, suka tare a can. Tun kafin tashin, tsohuwar ta fara mantuwa, ta ajiye abu ta rasa inda ta sa shi, ta kira wannan da sunan wancan. Bayan tashin kuwa sai abin ya lalace gaba ɗaya. Takan tsaya a bakin taga tana tambayar wanda ya ɗauke masallacin da ke ƙofar gida.

Madina ta haura arba'in, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. A gida take aiki, tana ɗinka duwatsun ado a jikin abaya, wani mai shago a Bab Makka yana aiko mata da kaya yana karɓa. Ita ke yi wa uwar wanka, ita ke ba ta abinci da maganin suga, kuma ba ta taɓa ƙorafi a kan wannan ba. Abin da ya gagare ta shi ne hannuwan tsohuwar, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya. Ta kitse gezar dadduma, ta zare zaren katifa, ta kitse igiyar labule. Da ta rasa abin kamawa sai ta koma kan nata gashin, tana ja tana tsigewa, har gefen kanta ya zama fili yana tsattsafo da jini.

Wata maƙwabciya ta ji tausayi ta kawo 'yarta a yi mata kitso. Hajiya Rabi ta damƙi gashin yarinyar ta ƙi saki, yarinyar tana ihu, sai da mata biyu suka ɓamɓare yatsunta. Daga ranar babu wanda ya sake kawo kai. Madina ta gwada miƙa nata, amma ba ta iya zama tun safe har yamma aiki yana jiranta, kuma ranar da ta gwada sai da fatar kanta ta yi ƙuraje. Likita ya ce a samo mata wani abu mai laushi ta riƙa riƙewa. Madina ta sayo 'yar tsana mai dogon gashi. Tsohuwar ta juya ta, ta shinshina, ta jefar.

"Wannan ai gawa ce," in ji ta.

Ƙanin Madina, Othman, direba ne a wani gida a Abhur, can arewacin gari, ran Juma'a yake zuwa duba su. Shi ya kawo maganar zomo. Ya ce akwai wani saurayi a layin maigidansa, Thamer, yana kiwon zomaye masu dogon gashi a bayan gida.

"Ki gan su, Yaya, kamar auduga. Abu ne mai rai, yana da ɗumi. Ummi ta yi ta tajewa har ta gaji."

"Zomo a hawa na uku?"

"To me ya rage ba mu gwada ba?"

Ta amince. Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ya ɗauke su su biyu a mota suka nufi arewa.

Thamer ya kai su wani ɗaki mai sanyi a bayan gida, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta busawa, kejina a jere har sama. Saurayi ne siriri mai tabarau, rigarsa duk farin gashi ya manne mata. Ya gaishe da tsohuwar, ya kawo mata kujera, sannan ya tambayi wanda za a saya wa. Madina ta gaya masa gaskiya, ba ta ɓoye komai ba sai labarin yarinyar maƙwabta.

Ya fara ciro wani ɗan ƙarami ruwan ƙasa, gashi ya kewaye masa wuya da fuska, sauran jikin kuwa a kwance. Ya dubi Madina, yana kiranta Khala, wato inna.

"Wannan shi ake kira mai kan zaki, ya Khala. Aikinsa kaɗan ne, ki taje wuyan nan jefi-jefi, halas, shi ke nan. Amma yana da tsoro. Ba ya son a riƙe shi da yawa, in aka matsa masa yakan yi yakushi, wani ma yakan ciji."

Bai rufe baki ba zomon ya zille daga hannunsa ya shige ƙarƙashin keji. Ya nuna musu na biyu, mai kunnuwa a zube kamar na tunkiya. Ya ce wannan yana son mutane, amma ɗan wasa ne, ba ya zama a cinya, kuma gashinsa yana saurin cukurkuɗewa yana ƙarami. Madina ta girgiza kai. Wanda zai zauna take nema.

Na ukun da ya ciro, da farko ba ta gane ina kai ina gindi ba. Dunƙule ne fari, gashi ya rufe idanu, har a saman kunnuwa akwai tuntu. Thamer ya ɗora shi a kan tebur, ya zauna yadda aka ajiye shi, hancinsa kaɗai ke motsi.

"Angora," in ji shi. "A cikinsu duka babu mai haƙurinsa. Amma babu mai wahalarsa. Kullum sai an taje shi har ƙasa, har hammata da ciki, in ba haka ba gashin ya dunƙule ya zama kamar tabarma. Yana lasar jikinsa yana haɗiye gashi, kuma zomo ba ya amai, in ya taru a ciki ya toshe shi. Sai da busasshiyar ciyawa koyaushe a gabansa. In gashin ya yi tsawo a rage da almakashi, a hankali, don fatarsa ba ta da kauri ko kaɗan. Kuma zafin Jidda zai kashe shi in aka kashe mukayyif."

Hajiya Rabi, wadda tun shigowarsu take ta murza gefen mayafinta, ta miƙe da kanta ta zo bakin tebur. Ta nutsa yatsunta cikin gashin, ta ɗaga, ta sake shi ya zubo. Fuskarta ta saki.

"Masha Allah," ta ce. "Wace ce uwar amaryar nan? An bar mata kai haka?"

Othman ya yi dariya, ya dubi yayarsa. Madina ta ji hawaye ya taho mata. Ta ce wannan za su ɗauka.

Thamer ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge. "Ya Khala, da ni ne, mai kan zakin zan ba ku, a ajiye shi a keji ta riƙa kallo tana shafawa. Wannan ba ya kuka, ba ya cizo, ba ya gudu. In yana jin ciwo ba za ki sani ba. Wa zai riƙa taje shi?"

"Uwata ta fi shekara arba'in tana gyaran gashi," in ji Madina. "Kuma ina nan tare da ita."

Ya ba su mataji mai haƙoran ƙarfe da buhun ciyawa, ya sa lambarsa a wayarta, ya ce ko me ta gani ta kira shi.

Watan farko ya yi daɗi fiye da yadda suka zata. Da safe bayan karin kumallo Madina takan shimfiɗa tawul a cinyar uwar ta ɗora zomon. Tsohuwar ta raba gashin kashi-kashi tana tajewa daga ƙasa, yadda ta saba yi wa mutane, tana yi masa hira. Amarya take kiransa, sunan ya bi shi. Tana gaya wa Amarya yadda ake zama da dangin miji, tana ce mata ta daina sunkuyar da kai. Ta daina tsigar nata gashin, gefen kanta ya fara tsiro. Tana cin abinci, tana barcin rana. Wata rana ta ɗago ta ce, "Madina, miƙo min ruwa," da sunan da ta daɗe ba ta kira ba. Madina ta shiga kicin ta tsaya tana kuka, kofin a hannunta.

Sai kitso ya shigo. Da farko kalaba ce guda biyu a bayan kunnuwa, sakwa-sakwa, har Madina ta ɗauki hoto ta aika wa Othman. Da yamma ta tsefe su. Kashegari suka zama shida. Sannu a hankali hannun tsohuwar ya koma yadda yake a da, lokacin da mata ke yabon kitsonta cewa yana wata bai motsa ba. Takan tsaga gashin da farce, ta kama daga tushe, ta ja har fatar ta ɗago. Zomon yana kwance, idanunsa a buɗe, ba ya motsi.

Gashin zomo ba irin na mutum ba ne. In an kitse shi ya ɗan sha gumin hannu sai ya haɗe, tsifa ta gagara. Madina takan kwashe tsakanin magariba da isha tana fama da tsinke, wani wurin sai ta sa almakashi. Ran da tsohuwar ta tarar an warware mata aiki kuwa, gidan ba ya zaunuwa. Ta yi ta ihu tana cewa maƙiya sun shigo, ta watsar da abinci, ta kai wa Madina duka a fuska. Rannan har mai gidan da ke ƙasa ya hauro ya buga ƙofa.

Azumi ya matso, mai shago ya aiko da abayoyi buhu guda yana jira. Madina ta ce a ranta bari ta bar kitson kwana biyu, in ta sami sarari ta tsefe gaba ɗaya. Da ta bar shi, gidan ya yi shiru. Tsohuwar takan shafa layukan da ta yi, ta ƙara wasu a inda ya rage, ta yi murmushi. Zomon kuma yana nan yadda yake, ba ya nuna komai. Madina tana ganinsu ta gefen ido tana zura allura. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta kira Thamer, sai ta tuna abin da zai ce, ta ajiye.

Wari ne ya fara sanar da ita. Ta duba keji ta ga ciyawar jiya tana nan ba a taɓa ba, kashin kuma ya zama 'yan ƙanana a jere, gashi ya sarƙe su kamar carbi. Ta ɗaga zomon ta ji ba nauyi. Ta tura yatsa ƙarƙashin wani kitso a gefen cinya, ta ji danshi. Da ta ciro yatsan akwai ruwa rawaya da jini.

Othman ya roƙi izini a wurin aiki ya zo ya zauna da uwar, ita ta hau tasi ta kai shi asibitin dabbobi. Likitar mace ce, ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambaya kawai, "Wa ya yi wannan?" Madina ta ce uwarta ce, ba ta da lafiya. Likitar ta kunna injin aski. Gashin ya riƙa fitowa falle-falle kamar ana ɓare bargo, a ƙarƙashinsa fatar ta tsage a bin kowane layi. A wajen gindi, inda fitsari ya jiƙa dunƙulen, akwai tsutsa.

Abin da ya rage a kan tebur bai fi tafin hannu biyu ba, ja, ƙashin baya a waje, yana rawar sanyi. Likitar ta ce cikin ya tsaya, ta ba da magani da abincin ruwa a riƙa ɗura masa da sirinji, ta ce ba ta yi alkawarin komai ba.

Da ta dawo gida, Hajiya Rabi tana tsaye a bakin ƙofa tana neman Amarya. Madina ta buɗe kwalin da ta sako shi ta nuna mata. Tsohuwar ta leƙa, ta ja da baya.

"Ɓera! Fitar min da ɓera! Ina kika kai yarinyar mutane? Me zan gaya wa uwarta?"

Madina ta yi ta ɗura masa abinci, tana wanke ciwon, tana naɗe shi a tawul. Bai farfaɗo ba. Wata safiya ta same shi ya miƙe a kusurwar keji, ya sandare. Ta sa shi a jakar leda ta ba Othman, ya ce zai tsaya a hanyar Abhur ya haƙa rami.

Tsohuwar ta koma fiye da yadda take a da. Ta ƙi abinci, tana bin ɗaki tana buɗe akwatuna, tana kiran Amarya. Ta tsige gashin da ya tsiro, ta kai ga gira. Juma'a ta zo, Othman ya ga fuskar uwarsa, ya ja Madina kicin.

"Zan sayo wani."

"Ba za a sake kawo zomo gidan nan ba."

"Yaya, dubi Ummi. Dabba ce fa. A garinmu yanka su ake a ci."

"Yanka daban. Ba ka ga abin da na gani a kan teburin nan ba."

"Na ga uwata tana cire girarta. Wannan na gani."

Ya je wurin Thamer. Thamer ya tambayi labarin na farkon, Othman ya faɗa masa, sai Thamer ya ce ya yi haƙuri, ba zai sake ba su ba. Othman bai dawo ya gaya wa Madina ba. Ya wuce kasuwar tsuntsaye ya sami wani mai gashi fari da toka, mai sayarwar ya rantse masa Angora ne tsantsa. Ya kawo shi a kwali ya ajiye a tsakar ɗaki.

Madina ta durƙusa ta duba. Fuskar ba irin ta na farkon ba ce, idanun a waje suke, yana ta buga ƙafar baya a ƙasan kwalin. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga uwar ta zauna a inda ta saba, ta shimfiɗa mayafinta a cinya da kanta, tana miƙo hannu biyu. Madina ta matsa gefe. Othman ya ɗauko shi ya ɗora.

Zomon ya yarda da shafa. Ya yarda da mataji na ɗan lokaci. Da ta tsaga gashin ta kama tushe ta ja, sai ya juyo ya kafa mata haƙora a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ya tuma ƙasa ya shige bayan firji. Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga hannun tana kallon jinin yana gangarowa zuwa gwiwar hannu, kamar na wani ne.

Suka wanke, suka sa magani, suka ɗaure. Ta kwance ɗaurin da haƙora, suka sake ɗaurewa, ta sake kwancewa tana tonon wurin da farce. Mai ciwon suga ce, ciwon ya ƙi rufewa. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, zazzaɓi ya rufe ta, aka kwantar da ita a asibiti ana cikin azumi. Don kada ta fizge robar ƙarin ruwa, ma'aikatan suka sa mata safar hannu masu kauri marasa yatsu, suka ɗaure su a jikin gado da ƙyalle mai laushi. Madina ta roƙi a sake mata ko ɗaya, suka ce sun gwada, ta cire allurar.

Madina tana zaune a gefenta tana ganin yatsun suna motsi a cikin safar, suna motsi. Bayan wasu kwanaki suka daina. An shawo kan ciwon hannun, amma ba ta sake magana ba, ba ta sake karɓar abinci da kyau ba. Aka sallamo ta bayan Salla a kan keken guragu. Ta rasu kafin watan ya ƙare, da hantsi, Madina tana goge mata fuska.

A kwanakin zaman makoki Othman bai iya haɗa ido da yayarsa ba. Da mutane suka watse ya shigo ya tsaya a gaban kejin, inda zomon yake ta gwagwiyar ƙarfe.

"Zan fita da shi," ya ce. "In sake shi a fili, ko in ba wani."

"Da wannan gashin? Kafin azahar zafi ya kashe shi. Kuma wa zai karɓi zomo mai cizo?"

"Ba na son ganinsa, Yaya."

"To kada ka kalle shi."

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ta bar shi ya yi kukansa.

Zomon yana wurinta har yanzu. Bai saba da ita ba, kuma ba ta sa masa suna ba. In ta buɗe keji yakan yi gurnani ya kawo hari, sai ta jefa masa tawul ta naɗe shi, ta fito da ɓangare ɗaya ta taje, ta juya ta fito da wani. Hannuwanta duk tabo ne. Mai shagon Bab Makka ya taɓa dawo mata da abaya saboda farin gashi ya manne a jiki, yanzu a ɗayan ɗakin take aiki ta rufe ƙofa. Othman ya sami aiki a wani gida a Makka, yana kiranta a waya jefi-jefi, suna gaisawa, ya tambayi aiki, ta tambayi iyali.